Tambaya da Amsa: Ƙananan Matsalolin da Ke Hana Ɗalibi Sakat

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk daga ɗaliban manyan makarantu suka zo, kuma ƙorafin bai wuce na rayuwar yau da kullum ba: kuɗin cizo, soket mai ƙauri, filashin da ya haɗiye aikin mutum, abokin ɗaki mai minshari. Mun miƙa kowace tambaya ga wanda sana'arsa ke nan, wato ma'aikacin lafiyar muhalli, da mai aikin wutar lantarki, da mai gyaran kwamfuta, da malama mai ba ɗalibai shawara. Mun taƙaita wasu wasiƙun, mun kuma sakaya sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Sau uku muna fesa maganin ƙwari a ɗakinmu na hostel, mun shanya katifu a rana, amma bayan mako biyu sai kuɗin cizo ya dawo kamar ba a yi komai ba. Kullum ina tashi da ƙuraje a jere a hannu da wuya. Ina kuskurenmu yake?
Ɗaliba, aji ɗaya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kuɗin cizon bai tafi ba balle ya dawo. Feshi yana kashe waɗanda ya taɓa ne kawai, ƙwai kuwa yawancin magunguna ba sa yi masa komai. Ƙwan fari ne, tsawonsa kamar milimita 1, manne a cikin ɗinkin katifa da tsagar katako, kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Lissafa ki gani: mako biyun da kika ambata shi ne lokacin da sababbin suka fito suka fara cizo. Ƙari a kan haka, a wurare da yawa ƙwaron ya riga ya saba da magungunan feshi na gwangwani, sai dai su tarwatsa shi ya shige bango ko ɗakin maƙwabta.

Abin da ba ya jurewa shi ne zafi. Ki cire zanin gado da rigar filo da labule da duk suturar da ke kusa da gado, ki ɗaure su a leda tun a cikin ɗakin don kada ki watsa su a hanya, sannan a wanke da ruwan da ya kai digiri 60 na Selsiyos, ko a jiƙa su a ruwan zafi na minti 30. Abin da ba ya wankuwa a bi shi da dutsen guga, a danna sosai a kan ɗinki da kalmasa. Shanya katifa a rana ba ya wadatarwa, domin saman ne ke zafi, ƙwaron ya gangara ƙasan inda yake da sanyi. Ƙananan kaya za a iya ɗaure su a baƙar leda a bar su a rana yini guda, amma sai idan cikin ledar ya kai digiri 50, don haka kada a cika ta maƙil.

Sai gadon kansa. Ki ɗauki tocila da tsohon katin roba, ki bi ɗinkin katifa, da maƙalar ƙarfe ko katako, da kan kusoshi, da bayan hotunan da aka manna a bango. Alamar maɓoyarsa baƙaƙen ɗige-ɗige ne da saɓar da ya bari. A kankare, a zuba tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gadon ƙarfe, a toshe tsagar bango. A janye gado daga bango kamar santimita 15, kada zani ya taɓa ƙasa, a sa kowace ƙafar gado cikin ƙaramin kwanon roba mai santsi, tunda ƙwaron ba ya tashi ba ya tsalle, rarrafe kawai yake yi. Duk wannan a maimaita shi bayan kwana 10, a sake bayan wasu 10.

Abu biyu ne ba ma so ki gwada. Kada a zuba kananzir ko fetur a katifa, gobara ce ake gayyata. Kada kuma a fesa maganin ƙwari na gona, irin mai sinadarin DDVP, a ɗakin da mutane ke kwana. Yana shiga ta numfashi da fata, kuma yana kisa. Idan za a yi feshi, hukumar hostel ta kawo ƙwararru su yi wa dukan ɗakunan layin a rana ɗaya. Barin ɗakin ya zauna babu kowa lokacin hutu ba magani ba ne, domin ƙwaron yana iya yin watanni bai sha jini ba. Kuma kada a fara zargin wata da ƙazanta: ɗumin jiki da numfashi ke jawo shi, a jaka ko tsohuwar katifa yake shigowa.

Tambaya: Malam, ekistenshan ɗinmu na uku ke nan yana narkewa a samista ɗaya. Mu huɗu ne a ɗaki. Shin jabu muke saye ko wutar ce ta yi ƙarfi?
Ɗalibi, aji biyu

Amsa: Ɗan'uwa, juya ekistenshan ɗin ka duba bayansa. Za ka ga an rubuta adadin amfiya, galibi 10 ko 13. Ka ninka shi da ƙarfin wutar gida: inda wuta take bolt 230, amfiya 13 na nufin kusan wat 3,000, amfiya 10 kuma wat 2,300. Iyakar abin da zai ɗauka ke nan gaba ɗaya, ko ramuka nawa gare shi.

Yanzu ka tara kayanku. Cajar waya wat 5 zuwa 25 ce, ta kwamfutar cinya 45 zuwa 65, fanka ƙarama kamar 50. Ko duk ku huɗun kun jona waɗannan a lokaci guda ba za ku kai wat 600 ba. Masu ɓarnar su ne masu samar da zafi: butar lantarki takan ja wat 1,500 zuwa 2,200, dutsen guga 1,000 zuwa sama, rishon lantarki 1,000 zuwa 1,500. Buta da dutsen guga kaɗai suna iya wuce iyaka. Irin waɗannan a jona su kai tsaye a soket ɗin bango, ɗaya bayan ɗaya.

Zancen jabu ma yana nan. Wayar da za ta ɗauki amfiya 13 sai kaurin jan ƙarfen cikinta ya kai murabba'in milimita 1.25, kuma ana buga wannan adadi a jikin robar wayar. Mai 0.75 iyakarta amfiya 6, wato kamar wat 1,400, ko me aka rubuta a kwali. Idan kuwa rami ɗaya ne yake baƙi yana narkewa, to filogin ne ba ya kamawa da kyau. Inda ƙarfe bai damƙi ƙarfe ba nan zafi ke taruwa. Kada a jona ekistenshan a jikin wani, kada a bar wayar a nannaɗe ko ƙarƙashin katifa tana aiki. Fis ya ƙone kuma a sa sabo daidai da shi. Masu naɗa zaren waya a gurbin fis sun cire abin da zai mutu a madadin ɗakin ne.

Tambaya: Na sayi fawa-banki mai 10,000 mAh, batirin wayata 5,000 ne, amma ko sau biyu ba ya cika ta. An cuce ni ne? Ga shi kuma wayar sai na karkata caja kafin ta kama.
Ɗaliba, aji uku

Amsa: Da wuya a ce an cuce ki. Adadin 10,000 ɗin an auna shi ne a kan bolt 3.7 na batirin ciki. Kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa bolt 5, wayar kuma ta sake sauke ta, kuma a kowane mataki wani kaso yana tafiya a zafi. Abin da ke isa batirin waya bai cika wuce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 ba. Waya mai 5,000 za ta cika sau ɗaya, ta samu kamar kashi 20 zuwa 40 cikin 100 a na biyu. Idan ko sau ɗaya bai cika ta ba, a nan ne za ki yi zargi.

Karkata caja kuwa, kafin ki kai wa mai gyara, kashe wayar ki haska ramin cajin. Sau da yawa zaren aljihu ne da ƙura suka dunƙule a ƙasa suka hana kan cajar shiga har ƙarshe. Ki yi amfani da siririn tsinke na itace ko roba ki zaƙulo a hankali. Ban da allura, domin ƙarfe yana iya haɗa wuta ko ya karya haƙoran ciki. Idan ba a dace ba ki gwada wata igiyar caja, ita ta fi saurin lalacewa.

Batirin waya zafi ne babban abokin gabarsa. Caji a ƙarƙashin filo, ko kallon bidiyo tana jone, yana rage masa kwana. Riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80 ya fi barinsa ya mutu murus kullum. In kika ga bayan waya ko na fawa-banki ya kumbura, ki daina amfani da shi nan take, kada ki danna, kada ki huda.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na kai filashina wurin buga takardu, da na dawo duk foldodina sun koma wasu gumaka masu 'yar kibiya, aikin da zan miƙa jibi ya ɓace. Wanda aka buga ɗin ma shafukan sun hargitse, tebur ya tsallaka wani shafi.
Ɗalibi, ajin ƙarshe

Amsa: Kwantar da hankalinka, aikinka na nan. Bayiros ne ya kama filashin, kuma irinsa ba ya goge fayil, ɓoye shi yake yi ya ajiye gunki mai kama da shi, don ka danna ya shiga kwamfutarka. Saboda haka kada ka danna ko ɗaya. Alamar cewa kayan suna nan ita ce filashin zai nuna wurin da aka cinye bai ragu ba.

Ka sa shi a kwamfutar da rigakafinta ke aiki, ka sa ta bincike shi tukuna. Ka duba harafin da Windows ta ba filashin, mu ce E. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta wannan daidai yadda yake, ka danna Enter:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Umarnin yana cire alamar ɓoyewa daga kowane fayil da folda. Idan filashin ya cika zai ɗan jima. Sau da yawa za ka tarar da kayan a cikin wata folda marar suna. Kwashe su zuwa kwamfuta, sannan ka yi wa filashin fomat, in ba haka ba ragowar bayiros ɗin na nan. Daga yau ka ware filashi ɗaya na zuwa wurin buga takardu kawai, wanda babu komai a kansa sai abin da za a buga, ko ka tura ta imel.

Hargitsewar shafi dalili biyu gare ta. Ko dai salon haruffan da ka yi amfani da shi babu shi a kwamfutarsu, sai Word ta musanya da wani mai faɗi daban, layuka su motsa. Ko kuma girman takarda: A4 milimita 210 ce a faɗi, 297 a tsawo, Letter kuwa 216 da 279, kuma Word da yawa a kan Letter suke zuwa. Ka saita A4 tun farko in ita makarantarku ke karɓa, ka daina danna Enter sau goma don fara sabon shafi, ka riƙa haɗa Ctrl da Enter. Idan ka gama ka mayar da aikin PDF, ka duba shi shafi-shafi, shi za ka kai.

Ɗalibin ajin ƙarshe da kundinsa ke kan filashi ɗaya tak yana wasa da shekararsa. Ka ajiye kwafi uku: a kwamfuta, a filashi, da intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, kundin digiri kuwa da wuya ya wuce 'yan megabait. Ka riƙa sa kwanan wata a sunan fayil maimakon "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaske". Word tana adana kwafin gaggawa duk minti 10. Ka shiga saitin adanawa ka mayar da shi minti 2, saboda ɗaukewar wuta.

Tambaya: Abokin ɗakina mutumin kirki ne, amma minsharinsa ba ya barin kowa ya runtsa, kuma in ya tashi karatun dare sai ya kunna fitilar ɗaki. Ba na son mu ɓata. Na gwada auduga a kunne, ba ta yi ba.
Ɗalibi, aji ɗaya

Amsa: Auduga iska na ratsa ta, ƙara ma haka. Ka nemi matoshin kunne na soso, a kantin magani ake samu. Yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba sa shi ne ba su iya ba. Da hannu mai tsabta ka murza shi ya zama siriri ba tare da ya lanƙwashe ba, ka zagaya ɗaya hannun ta bayan kai ka ja saman kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, ka tura, ka riƙe da yatsa daƙiƙa 30 har ya kumbura. Idan mai kallonka ta gaba yana hango rabinsa a waje, bai shiga ba. Ba zai ɗauke ƙarar gaba ɗaya ba, amma zai rage ta sosai, kuma za ka ji ƙararrawar waya in tana kusa. In ya yi datti ko ya daina kumbura a canza.

Shi mai minsharin bai san yana yi ba, don haka faɗa ba shi da amfani. Kwanciya rigingine ke ƙara shi, domin harshe da ganɗa suna komawa baya su tsuke hanyar iska. Kwanciya ta gefe da buɗe toshewar hanci sukan rage. Ka dai kula da abu ɗaya: idan numfashinsa yana tsayawa na wasu daƙiƙu sannan ya ja da ƙarfi kamar an shaƙe shi, kuma da rana yana ta gyangyaɗi, ka gaya masa ya ga likita.

Fitila kuwa magana ce za ta raba ku. Zo mu zauna, zo mu saɓa, amma lokacin magana yana da tasiri: da rana, ku biyu, ba ƙarfe 2 na dare kana cikin fushi ba. Ka zo da buƙata takamaimiya, misali babbar fitila ta mutu ƙarfe 11, mai karatu ya koma ƙaramar fitilar tebur ko ɗakin karatu. Ka kuma tambaye shi abin da kai kake yi da ke damunsa. Akwai, ko ba ka sani ba.

Tambaya: Wi-Fi na makaranta yana nuna sanda cike amma shafi ba ya buɗewa, datata kuma tana ƙarewa ban san inda ta tafi ba.
Ɗaliba, aji biyu

Amsa: Sandunan suna nuna ƙarfin sigina tsakaninki da na'urar da ke bango ne, ba su san yawan mutanen da ke rabon layin ba. Da yamma kowa na kai, sai rabo ya ƙanƙance. Manyan fayiloli ki sauke su da sassafe. Idan kin ga sunan Wi-Fi biyu, ɗaya na 2.4 ɗaya na 5, na 5 ya fi sauri da ƙarancin cunkoso in kina kusa, na 2.4 ya fi ratsa bango.

Data kuwa bidiyo ke shanye ta. Kowane megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Bidiyo a kan 480p kamar rabin gigabait ne a awa, 720p ya ɗan haura gigabait 1, 1080p ya haura 2. Lakcar da allo da murya kawai kike buƙata 480p ya ishe ta. Idan kina ba kwamfuta data daga waya, ki shiga saitin Wi-Fi na Windows ki nuna mata layin na awo ne, in ba haka ba za ta ɗauka kyauta ne ta hau sabunta kanta. A WhatsApp kuma ki kashe sauke hotuna da bidiyo kai tsaye, musamman saboda zaurukan aji.

Tambaya: Malama, ina karanta handawut sau huɗu, ina ja masa layi da biro mai launi, ina jin na gane. Ina shiga jarrabawa sai kaina ya zama fayau.
Ɗalibi, aji biyu

Amsa: Ɗana, abin da kake ji a karatu na huɗu sabo ne da shafin. Ido ya san layin, sai zuciya ta ce ta iya. Jarrabawa kuwa tana neman ka fito da abu babu takarda a gabanka, kuma wannan ne ba ka taɓa gwadawa ba.

Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, sannan ta lafa. A 2006 kuma wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun raba ɗalibai: wasu suka maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta sau ɗaya suka yi ta gwada rubuto abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sun riƙe kashi 40, masu gwada kansu kashi 61.

Ga yadda za ka yi. Karanta sashe ɗaya, rufe, ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka cike giɓin da wani launi. Abin da ya fito da launi na biyu shi ne karatunka na gobe. Ka sake gwadawa washegari, da bayan kwana 3, da bayan mako. Zai yi maka wuya fiye da ja layi, har ka ji kamar ba ka ci gaba, kuma wahalar ce ke sa ya zauna. Darasin lissafi a warware tambayoyin baya da agogo a gefe, ba a leƙa amsa. Daren jarrabawa kuma ka yi barci; mai shekarunka yana buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma a cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da ta koya.

Tambaya: Mu shida aka haɗa aikin rukuni, mu biyu muka yi, amma ranar miƙawa kowa ya kawo lambarsa a rubuta. In na ƙi a ce na cika mugunta.
Ɗaliba, aji uku

Amsa: Wannan karon ya wuce, 'yata, cire suna ranar miƙawa rigima ce da ba za ki ci ba, tunda ba ki da shaida. Na gaba, tun ran gini ran zane. A zaman farko a yanka aikin gida shida, kowane yanki da suna da rana, a rubuta a zauren rukuni kowa ya amsa. Ranar da za ku sa wa kanku ta riga ta malami da kwana 3, don haɗa rubutun mutum shida ya zama murya ɗaya yana cin yini guda. Ku yi rubutun a Google Docs, inda tarihin gyare-gyare ke nuna wanda ya rubuta me da kuma yaushe. Wanda ranarsa ta wuce a tuna masa a rubuce sau ɗaya, da ƙarin awa 24, domin wani rashin lafiya ce ko rashin kwamfuta, kuma irin wannan ana iya sauya masa aiki, ya ɗauki gabatarwa a gaban aji ko tattara littattafai. Wanda ya yi shiru bayan haka, ku biyu ko uku ku je wurin malamin tun da sauran kwanaki, da jadawalin rabon a hannu, ku tambaye shi ko zai amince a haɗa shafi ɗaya a ƙarshen aikin mai nuna abin da kowa ya yi.